Ba Kowace Sabuwar Siga Ake Ɗora wa Uwar Garke Ba

A watan Yunin 2021, cibiyar ISC ta Amurka, wadda ke kula da manhajar BIND, ta fitar da siga mai lamba 9.16.17. Fitowa ce irin ta kowane wata, 'yan gyare-gyare ne da ɗan ƙarin sauri nan da can. Ba a jima ba sai koke ya fara shigowa: a wasu amsoshin da manhajar ke bayarwa, harafin W ya yi ɓatan dabo, wani abu marar ma'ana ya maye gurbinsa. An yi tuntuɓe ne a jadawalin da manhajar ke dubawa wajen daidaita manyan baƙaƙe da ƙanana. Duk haruffan nan kuma, kuskuren bai tashi faɗawa kan kowa ba sai kan wanda adireshin shafukan duniya ya fi farawa da shi, har sau uku a jere. ISC ta yi shela, ta fito da 9.16.18 cikin 'yan kwanaki. Waɗanda suka yi rige-rigen ɗora sabuwar siga ranar da ta fito sun sha fama kafin su gano bakin zaren. Wasu kuwa ko a jikinsu, domin 9.16.17 ba ta taɓa wuce injin gwajinsu ba.

Waɗannan na biyun su ne gwanayena. Ba tsoro ne ya hana su ɗorawa ba, ba kuma lalaci ba, domin su ɗin nan za ka gani wata rana sun ɗora faci cikin awa guda ba tare da sun jira kowa ba. Sanin ranar jira da ranar hanzari shi ne sana'ar.

Kwamfuta ba ta san suna ba, lamba ta sani. Idan ka rubuta sunan shafin banki ko na makaranta a wayarka, kafin komai sai wayar ta tambayi wani inji: wannan suna, ina lambarsa? Injin da ke amsa wannan tambaya shi ne uwar garken suna, tsarin gaba ɗaya kuma ana kiran sa DNS. Paul Mockapetris ne ya zana shi a 1983. Kafin nan fayil guda ɗaya tak ake ajiyewa a cibiyar SRI da ke Kalifoniya, kowa ya je ya kwafo. Duk wanda ya tuna ranar 4 ga Oktoban 2021, da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke na kusan awa shida, ya ɗanɗana abin da ke faruwa idan mai amsa tambayar ya yi shiru. Mutane suka yi ta kashe waya suna kunnawa, suna zargin data ko kamfanin layi, alhali hanyar zuwa ga injinan sunan kamfanin ce ta yanke. Wannan ba laifin siga ba ne, amma ga mai riƙe da waya duk ɗaya ne: sabis ya ɗauke.

Tambayar farko da gwani ke yi ita ce, wane aiki injin nan zai yi? Aikin iri biyu ne. Akwai mai riƙe da rajista, wanda a hannunsa ainihin bayanin wani suna yake, kamar injinan da ke amsa tambaya kan sunayen da suka ƙare da .ng, waɗanda ƙungiyar NiRA ke kula da su. Akwai kuma mai nemowa, wanda ba shi da rajistar komai, sai dai ya karɓi tambayarka ya bi duniya yana tambaya har ya samo, sannan ya ajiye amsar na ɗan lokaci saboda mai zuwa bayanka. BIND tana iya yin duka biyun. NSD ta cibiyar NLnet Labs da ke Amsterdam, da Knot DNS ta CZ.NIC a Jamhuriyar Cek, rajista kawai suke riƙewa. Unbound nemowa ce sana'arta. PowerDNS ta raba aikin gida biyu, kowanne da manhajarsa. Ko da BIND gwani ya zaɓa, ba ya son haɗa ayyukan a inji guda, saboda haɗarinsu ba ɗaya ba ne: mai nemowa yana haɗiye amsar baƙin da bai sani ba, mai rajista kuma ƙofarsa a buɗe take ga duk wanda ya ga dama ya yi tambaya. Shi ya sa idan sanarwar ɓaraka ta zo, layin da idonsa ke fara nema shi ne wanda ya faɗi wane ɓangare abin ya shafa.

Daga nan sai karatun lamba, kuma a nan ne ake gane wanda ya daɗe a fagen. Ɗauki 9.18.24. Tara ɗin farko sunan dangi ne, tun watan Satumbar 2000 ake tare da shi, bayan da aka sake rubuta manhajar da ɗalibai huɗu suka faro a Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley a farkon shekarun 1980. Sha takwas shi ne reshe. Ashirin da huɗu kuma yawan zagayen gyaran da aka yi wa reshen ne. Dokar ISC ita ce, reshe mai lambar cika, irin su 9.16 da 9.18 da 9.20, shi ne na aiki. Mai lambar mara, irin su 9.17 da 9.19 da 9.21, filin gwaji ne na masu rubuta manhajar, inda ake rushewa ana sake gini. Sabon shiga zai ga 9.21 ta fi 9.20 yawa, ya ɗauka ta fi ta nagarta, ya ɗora wa injin da dubban mutane suka dogara da shi abin da masu shi da kansu ba su ce ya nuna ba.

Ko dokar ma tana da tarko. Reshen 9.11 lambarsa mara ce, amma yana cikin rassan da aka fi daɗewa ana dogaro da su, domin ya fito a 2016, dokar cika da mara kuwa sai daga 9.13 ta soma aiki. Akwai kuma BIND 10, wadda duk mai hankali zai zaci ita ce magajiya. An fara ta a 2009, ISC ta ajiye aikin a 2014, aka canza mata suna zuwa Bundy, tara ta ci gaba da mulkinta har yau. Lambar ba ta faɗa maka waɗannan, sai ka san tarihin gidan.

To ko a rassan cika, gwani ba ya rawar jiki da sigar da ta ƙare da sifili. Kusan duk shekara biyu ake buɗe sabon reshen aiki: 9.16 a Fabrairun 2020, 9.18 a Janairun 2022, 9.20 a Yulin 2024. Kowanne yana rayuwa kimanin shekara huɗu. Sabon reshe yakan zo da babban sauyi a cikinsa, wanda mai kallo daga waje ba zai gani ba. A 9.16 an canza sashen da ke karɓa da aika saƙonni, aka ɗora shi kan wani tubalin manhaja mai suna libuv. A 9.20 an canza tsarin ma'ajiyar da ake jera sunaye a cikinta. Irin wannan aiki, komai ƙwarewar masu yin sa, sai ya haɗu da cunkoson duniya na gaske kafin ɓoyayyun aibobinsa su bayyana. Bayan reshe ya yi kamar shekara yana shan wannan gwagwarmaya, ISC kan lasafta shi cikin na dogon tallafi, abin da ake taƙaitawa da ESV. Daga nan sababbin abubuwa su ja baya, gyara ya zama shi ne kan gaba. Mai injin da ba ya son jin labari da tsakar dare yakan jira wannan hatimi. A ganina shi ya fi dacewa da banki da asibiti da jami'a, in dai ba akwai wani abu takamaimai da ake buƙata a sabon reshe ba, kamar tambaya a ɓoye ta hanyar TLS ko HTTPS, wadda sai a 9.18 ta zo reshen aiki.

Akwai wasu da suka ɗauki wannan haƙuri suka wuce gona da iri. Za ka ji suna cewa da tsohuwar zuma ake magani, injin nan shekara bakwai bai taɓa ba mu matsala ba, me zai sa a taɓa shi? Zuma ba ta da maƙiyan da ke kwana suna neman kafarta. Reshen 9.11 ya rufe a Maris 2022, 9.16 kuma a Afrilun 2024. Daga ranar da reshe ya rufe, ISC ba ta fitar masa da gyara, ba ta ma ɗaukar nauyin bincika ko sabuwar ɓarakar da aka gano ta shafe shi. Rashin ganin sunansa a sanarwa ba shaidar lafiya ba ce. Don haka gwani, ranar da ya zaɓi reshe, ranar yake rubuta watan da reshen zai rufe, ya kuma ƙirga baya ya ware lokacin ƙaura.

Sai dai a nan ma akwai lauje cikin naɗi, kuma wuri ne da masu binciken tsaro ke yawan tayar da jijiyar wuya a banza. Yawancin injina ba daga ISC kai tsaye suke samun BIND ba, daga masu haɗa Linux suke samu. Red Hat Enterprise Linux 8 tana ɗauke da 9.11.36. Mai bincike zai haska na'urarsa, ya ga 9.11, ya rubuta da jan biro cewa injin na tafiya da matacciyar siga. Gwani ba ya musu da baki. Zai buga `rpm -q --changelog bind`, ya nuna masa lambobin ɓarakar da aka toshe ɗaya bayan ɗaya, domin injiniyoyin Red Hat suna ɗauko gyaran da aka yi wa sababbin rassa su dasa shi a tsohon, lambar gaba ba ta motsa ba, sai 'yar wutsiyar da ke bayanta. Debian 12 kuwa wata hanya ta bi, tana bin reshen 9.18 yadda ISC ke ciyar da shi gaba. Kowace hanya da farashinta. Dashen gyara yana ƙara wuya yayin da tazara ke ƙaruwa tsakanin tsohon reshe da sabo, kuma ba kowane ƙaramin gyara ake dasawa ba. Wanda kuma ya ce shi zai sauko da manhajar ya haɗa ta da hannunsa, ya samu sabuwa fil, amma ya sani daga ranar shi ne Red Hat ɗin kansa: babu mai turo masa faci, in ya yi tafiya ko ya bar aikin, injin ya zama maraya. Abin da gwani ke tambaya a nan shi ne, idan aka gano ɓaraka gobe, wa zai kawo mini gyara, kuma cikin kwana nawa?

Akwai takardar da ke rakiyar kowace siga, mai bayanin abin da aka ƙara da abin da aka gyara da abin da aka cire. Yawancin mutane sashen ƙari suke karantawa. Gwani daga sashen cirewa yake farawa, sai na matsalolin da aka riga aka sani. Ga misali kusa. Tsoffin fayilolin saiti da yawa suna ɗauke da layin `dnssec-enable yes;`, wanda wani ya rubuta shekaru da suka wuce, aka yi ta gadonsa. A 9.16 layin ba ya aikin komai, manhajar za ta yi ɗan gunaguni a rahotonta ta wuce. A 9.18 kuwa kuskure ne cikakke: `named`, wato shirin BIND da ke gudana a injin, zai ga layin ya ƙi tashi. Ka ɗora sabuwar siga lafiya lau, ka sake kunnawa, shiru. Maganin bai kai minti ɗaya ba ga wanda ya sani. Ya kwafi fayil ɗin saitinsa zuwa injin gwaji, ya sa `named-checkconf` na sabuwar sigar ya karanta shi, ya goge layin tun ana saura makonni. Haka 9.20 ta yi da `auto-dnssec`, wanda shi ba gogewa kawai yake buƙata ba, sai an koma sabon tsarin `dnssec-policy`, an kuma yi hattara da makullan sa hannu, domin kuskure a nan yana iya sa sunanka ya zama abin tuhuma a idon duk masu nemowa da ke tantancewa.

Ko a cikin reshe guda ana iya yin karo. A farkon 2021, siga ta 9.16.12 ta canza fasalin 'yan fayilolin da BIND ke rubuta sauye-sauyen rajista a ciki, masu ƙarewa da .jnl, ta kasa jituwa da waɗanda sigogin baya suka rubuta, sai a 9.16.13 aka daidaita. Wanda ya riƙe al'adar buga `rndc sync -clean` kafin ya taɓa komai, wato ya zuba duk sauye-sauyen cikin babban fayil ya share ƙananan, bai ma san an yi ba.

Gwajin kansa yana da ladabi. Manomin da aka kawo wa sabon iri ba ya shuke gonarsa duka da shi, kunya biyu yake ware masa a gefe, ya ga yadda zai yi da ƙasar da kuma damina. Gwani yakan naɗi tambayoyin gaske da injinsa ke karɓa a lokacin cunkoso, ya sa `dnsperf` ya watsa su kan injin gwaji da ƙarfi, ya ga tambaya nawa yake ɗauka a daƙiƙa da nawa ke zubewa. Sai ya ɗauki `dig` ya yi wa tsohuwar siga da sabuwa tambaya iri ɗaya, ya jera amsoshin ya gwama. Ya bar injin yana aiki kwana da kwanaki yana kallon yawan ƙwaƙwalwar da yake ci, domin akwai aibin da ba ya nuna kansa sai a hankali, yau ƙari kaɗan gobe ƙari kaɗan, har ranar da injin zai shaƙe. Idan lokacin ɗorawa ya yi, ba ya fara da babban inji. Ɗaya daga cikin mataimaka yake ɗauka, ya bar sauran a tsohuwar siga, tsohon ƙunshin kuma yana ajiye a kusa, da umarnin komawa baya a rubuce. Ba ya kuma yin wannan aiki da yammacin Juma'a.

Dalilin wannan taka-tsantsan wani hali ne na DNS da ke yaudarar sabon shiga. Kowace amsa tana tafe da wa'adinta, awa ɗaya ko yini guda, wanda masu nemowa za su riƙe ta kafin su sake tambaya. Saboda haka za ka iya lalata injin rajista da ƙarfe goma na dare, ka buɗe shafin a wayarka ka ga yana aiki, ka tafi gida da murna. Tsohuwar amsa ce ke yi maka hidima. Sai wa'adi ya fara cika a wurare daban-daban, wannan gari ya ɗauke, wancan yana nan, ƙorafi ya riƙa zuwa a warwatse yadda zai yi wuya a danganta shi da aikin jiya. Shi ya sa gwani ba ya gwadawa ta burauza. Injin da ya taɓa yake tambaya kai tsaye, da sunansa.

Duk wannan haƙuri yana da ranar da ake ajiye shi. A ƙarshen Yulin 2015, ISC ta sanar da wata ɓaraka a yadda BIND ke karɓar tambaya irin ta TKEY. Saƙo guda ɗaya da aka ƙera da gangan ya isa ya kashe `named`, ko mai rajista ne ko mai nemowa, kuma babu wani saiti ko jerin hana shiga da zai kare ka, domin manhajar tana faɗuwa tun kafin ta kai ga duba wa ke tambaya. Cikin 'yan kwanaki hanyar harin ta bazu a fili. A irin wannan rana babu zancen makon gwaji. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda yake kan reshe mai tallafi, bai kuma bari an yi masa nisa da zagayen gyara ba, taki ɗaya zai yi, kuma ya san abin da ya bambanta sigarsa da facin ɗan kaɗan ne. Wanda ya kwanta shekaru a baya sai ya haɗa toshe ɓaraka da tsallake rassa a dare guda, da duk layukan saitin da aka cire a tsakani.

Wani lokaci ma facin da kansa yana zuwa da nasa ciwon. Ranar 8 ga Yulin 2008, manyan masu manhaja suka fitar da gyara tare kan ɓarakar da Dan Kaminsky ya gano, wadda ke ba mugu damar cusa wa mai nemowa amsar ƙarya, ya karkatar da mutane zuwa shafin bogi. Tushen matsalar shi ne lambar shaidar da ke raka kowace tambaya ba ta wuce kala 65,536 ba, ana iya cankarta. Maganin shi ne a riƙa sauya ƙofar da tambaya ke fita ta cikinta ba tare da tsari ba, dabarar da Daniel Bernstein ya daɗe da sakawa a manhajarsa ta djbdns. Facin farko na BIND, mai alamar P1, ya toshe kafar, amma ya nauyaya wa injinan da ke ɗaukar tambayoyi masu ɗimbin yawa, sai a watan Agusta P2 ta zo da sauƙi. A tsakanin nan dole mai inji ya zaɓa: jinkiri ko guba. Masu hankali sun ɗauki jinkirin, suka ƙara injina don raba nauyi, domin mai jiran shafi ya buɗe zai yi tsaki ne kawai, wanda aka kai shafin bogi kuwa kuɗinsa zai rasa.

Manyan gidaje sun ƙara wani mataki: ba sa yarda dukan injinansu su zama manhaja ɗaya. Wannan tunani ne ya haifi NSD. A farkon shekarun 2000 BIND ce ta mamaye tushen DNS, wato adireshi 13 da duk wani nema ke farawa daga gare su, aka ga cewa aibi guda zai iya kwasar su gaba ɗaya. NLnet Labs da RIPE NCC suka haɗa hannu aka rubuta wata daga tushe, kuma a 2003 tushen K, ɗaya daga cikin 13 ɗin, ya koma kanta. Daga baya tushen K ya riƙa gudana da BIND da NSD da Knot DNS a haɗe. Ƙaramin ofis ba lallai ya kwaikwayi wannan ba. Manhaja biyu tana nufin takardun fitowa biyu, salon saiti biyu, da ma'aikacin da ya iya duka biyun. Inda mutum ɗaya ne ke riƙe da komai, na fi son ya san guda ɗaya ciki da bai.

Haɗin ma ba ya maganin komai. A Fabrairun 2024, masu bincike na cibiyar ATHENE a Jamus suka bayyana KeyTrap, wadda ba kuskuren wani mai rubutu ba ce, a cikin ƙa'idar DNSSEC kanta take, wato ƙa'idar sa hannu a kan amsoshi da tantance su. Ƙa'idar ta ce mai tantancewa ya gwada duk makullan da aka ba shi da duk sa hannun har ya samu wanda ya dace. Sai mugu ya tara makullai da sa hannu masu yawa da gangan, ya bar injin yana ta lissafin da ba ya ƙarewa. Masu binciken sun nuna amsa guda tana iya tsayar da BIND har awa 16. Duk wanda ya bi ƙa'idar da aminci ya kamu: BIND da Unbound da PowerDNS da Knot Resolver. Ranar 13 ga watan aka fitar da gyara tare, 9.18.24 ga masu reshen 9.18, 1.19.1 ga masu Unbound, wanda ke gudanar da biyun kuma ya yi aiki biyu. Masu 9.16 sun samu nasu, 9.16.48, ana saura wata biyu reshen ya rufe. Masu 9.11 da suka haɗa da hannunsu, ba a fitar musu da komai ba.